Nono Zalla Har Wata Shida: Aikin Mai Jego da na Mutanen Gida

A ƙasar Hausa da wuya ka sami uwar da ba ta shayar da ɗanta. Mace takan goya yaro ta ba shi nono shekara ɗaya da rabi, wata ma har biyu, kamar yadda aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa. Inda ake samun ɓaraka shi ne abin da ake cusa wa jariri tare da nonon tun yana ɗanyen goyo: ruwa, jiƙon dabino, zuma, ɗauri, wani lokaci har da kunu. Binciken lafiyar al'umma da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kaɗai na jariran da ba su kai wata shida ba suke shan nono zalla. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF kuwa shawararsu ita ce a sa jariri a nono cikin awar farko, a ba shi nono kaɗai har wata shida, sannan a fara abinci ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu ko fiye.

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin jego ya san ba mai jego ce ke riƙe da cokalin ruwan ba. Yawanci kaka ce, ko gwaggo, ko maƙwabciyar da ta shigo barka ta tarar yaro yana kuka. Saboda haka wannan bayani na mutum uku ne: ke mai jego, kai maigida, da ke Hajiya mai zaman jego.

Mataki na farko: tun ran gini

A fara maganar tun ciki yana wata bakwai ko takwas. Ran da aka haihu gida ya cika, kowa da tasa shawarar, ita kuwa mai jego ga gajiya ga kunya, musamman idan haihuwar fari ce. Yarinyar da ko sunan ɗanta na fari ba za ta iya faɗa a gaban manya ba, ta yaya za ta ce wa uwar mijinta kada ta ba shi ruwa? Ba za ta iya ba, kuma bai kamata a ɗora mata wannan nauyin ba. Aikin maigida ne. Shi zai sami mahaifiyarsa cikin ladabi ya ce, "Hajiya, a wajen awo sun ce wannan karon a gwada nono kaɗai har wata shida, ko ruwa kada a ba shi. Ke za ki tsaya mana a kai, don idan kin faɗa babu mai tsallakewa." Kaka da aka ba ta ragama takan fi kowa tsare dokar. Wadda aka yi wa gyara a gaban baƙi kuwa, ran da kuka fita za ta ɗauko cokalinta.

Idan da hali, a je awo da ita ko sau ɗaya, ta ji daga bakin malamar asibiti. Idan kuma gidan iyaye za a tafi wanka, to da mahaifiyar mai cikin za a yi wannan zaman.

Nonon kansa ba ya buƙatar wani shiri. Ba sai an murza kan nono ko an shafa masa wani magani ba, kuma girman mama ko ƙanƙantarsa ba shi ke nuna yawan ruwan nono ba.

Mataki na biyu: awar farko da dakashi

Da zarar an haihu, a goge jaririn da tsabtataccen zane, a kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a lulluɓe su tare, a sa masa hula. Kada a yi gaggawar wanka, a bari ya kwana ɗaya. Jariri mai lafiya idan aka bar shi a ƙirji zai fara mamular baki yana laluben nono da kansa. Tsotsan nan na farko yana amfanar uwar ma, domin yana sa mahaifa ta tsuke, jini ya ragu. Shi ya sa mai jego take jin mararta na murɗawa idan tana shayarwa a kwanakin farko.

Abin da zai fara fitowa shi ne dakashi, mai kauri, mai ɗan ruwan ɗorawa. A wasu gidaje har yanzu ana tatse shi a zubar, a ce gurɓataccen nono ne, a riƙa ba yaro ruwa ko madarar dabba kafin "nonon kirki" ya zo. Akwai ma masu gwada nono da tururuwa: a tatsa a jefa ta ciki, idan ta mutu a ce nonon ba shi da kyau. Tururuwa ko a cikin zuma aka jefa ta nutsewa za ta yi, kaurin ne ya riƙe ta. Dakashi cike yake da sinadaran da ke kare jariri daga cututtuka, yana shafe masa hanji, yana kuma taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko, wanda fitarsa da wuri ke rage haɗarin ciwon shawara.

Za a ce ai ɗan kaɗan ne, ba zai ƙosar ba. Cikin jariri a ranar farko bai wuce ya ɗauki cokalin shayi ɗaya ko ɗaya da ɗan ɗori ba a kowane sha. Dakashin daidai cikinsa yake. Nono mai yawa yakan kawo tsakanin kwana biyu zuwa huɗu, kuma yawan tsotsa ne ke janyo shi.

Sai batun da ake jin nauyin taɓawa. Idan gidan suna yin tahniki, ɗan shafa dabino ne a dasashi sau ɗaya, da hannu mai tsabta, ba jiƙon dabino a kofi kullum safiya ba. Rubutu da zamzam, uwar ta sha, a tofa wa jaririn addu'a. Zuma kuwa kada ta shiga bakin yaro sai ya cika shekara, saboda takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙarta ba, har ta kai ga shanye masa jiki. Abin da aka yarda ya shiga bakinsa bayan nono shi ne ɗigon rigakafi da maganin da likita ya rubuta.

Wadda aka yi wa aiki ma za ta shayar da zarar ta farfaɗo, sai dai tana buƙatar mai riƙe mata yaron, a kwantar da shi a gefenta don kada ya danne ɗinkin. Bakwaini da ba shi da ƙarfin tsotsa, a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi, a kuma ɗaure shi a ƙirjin uwa fata da fata yawancin yini.

Mataki na uku: kamun nono

Mafi yawan kukan "nono yana min ciwo" da "ba ya ƙoshi" daga nan suke tasowa, kuma abin mamaki shi ne ba a cika koya wa mace wannan ba, ana ɗauka kowa da iyawarsa aka haife shi.

Ki zauna ki jingina bayanki, ko ki kwanta a gefe. Ki juyo da jaririn gaba ɗaya, cikinsa ya manne da naki, kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa su miƙe a layi ɗaya. Yaron da jikinsa ke kallon sama, wuyansa kaɗai aka karkato, ba zai iya haɗiya da kyau ba. Ki gwada shan ruwa kina waiwaye ki ji. Ki tallafe shi duka, ba kansa kaɗai ba. Ki sa kan nono daidai hancinsa, ki ɗan shafi leɓensa na sama da shi, ki jira. Zai wangame baki kamar mai hamma. A daidai wannan lokacin za ki jawo shi gare ki da sauri. Shi ake kawowa wajen nono, kada ki sunkuya ki kai masa, bayanki ne zai biya bashin.

Idan ya kama daidai za ki ga bakinsa a buɗe sosai, leɓen ƙasa ya lanƙwaso waje, haɓarsa ta taɓa mama, kuma baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi fitowa ta saman bakinsa fiye da ta ƙasa. Kumatunsa za su cika, ya riƙa ja a hankali yana ɗan tsayawa, har ki ji ƙarar haɗiya. Idan kuwa kan nonon kaɗai ya cafka, za ki ji zafi kamar ana mintsininki, kumatunsa su riƙa lotsawa, ki ji yana tsatsa-tsatsa da baki. Kada ki daure. Ki sa ƙaramin yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ya saki, ku sake daga farko. Ko sau biyar ne ku sake.

Wani abu da na ga mata da yawa suna yi shi ne matse mama tsakanin yatsu biyu kamar almakashi, wai kada ya toshe wa yaro hanci. Hakan yana janye nonon daga bakinsa. Ki tallafo daga ƙasa da yatsu huɗu, babban yatsa a sama, nesa da baƙin.

Ki bar shi ya gama da ɓangare ɗaya har ya saki da kansa kafin ki juya shi. Nonon da ke fara zuwa tsinkakke ne, shi ke kashe ƙishirwa. Na ƙarshe ya fi maiƙo, shi ke ƙosarwa ya sa ƙiba. Uwar da ke sauya ɓangare bayan minti biyu tana ba ɗanta na farkon ne kawai, sai ya yi ta kuka, a ce nono bai ishe shi ba. Sha na gaba ki fara da ɓangaren da aka ƙare da shi ko wanda bai taɓa ba.

Mataki na huɗu: sau nawa, kuma ya ƙoshi?

Babu agogo a wannan aikin. Duk lokacin da ya nema a ba shi, dare da rana, abin da kan kai sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya. Kada a jira kuka. Kafin kuka zai fara juya kai, yana tsotsar hannu, yana motsa baki. Yaron da ya riga ya fusata wuyar kamawa gare shi. Shayarwar dare tana da muhimmanci na musamman, don sinadarin da ke sa jiki ya haɗa nono ya fi yawa da dare. Jaririn da ke yawan barci a makon farko, a tashe shi idan ya haura awa uku.

Mama ba tulu ba ne da za a ce a bar shi ya taru. Gwargwadon yadda aka zuƙe, gwargwadon yadda jiki zai ƙara haɗawa. Shi ya sa mai tagwaye take iya shayar da su biyun.

Hanyar gane ko yana samu ita ce duba abin da ke fita. Daga kwana na biyar ya kamata ya jiƙa nafkin aƙalla sau shida a kwana, fitsarin fari ba mai duhu ba, kashinsa kuma ya juye daga baƙi zuwa ruwan ɗorawa. Jarirai sukan ɗan rage nauyi a kwanakin farko, su dawo nauyin haihuwa cikin mako biyu. Bayan nan sikelin asibiti ne alƙali, shi ya sa ake son a riƙa kai shi awo ana rubutawa a kati. Laushin mama bayan 'yan makonni ba alamar ƙafewa ba ce, jiki ne ya daidaita. Akwai kuma ranakun da yaro zai manne wa nono kamar ba ya ƙoshi, sau da yawa wajen mako na uku da na shida. Girma ne yake yi, yana neman ƙari, kuma cikin kwana biyu ko uku nonon zai ƙaru ya cim masa. A irin waɗannan ranakun ne ake sayo madarar gwangwani, daga nan tsotsa ta ragu, nono ya ja baya da gaske.

Mataki na biyar: maganar ruwa

Nan ne gardamar take, kuma hujjar kaka ba ta banza ba ce. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri zafi yakan haura digiri 40, babba ma yana shan ruwa kamar raƙumi, sai a ce jariri kada ya sha? Har akan ce hana shi ruwa rashin imani ne.

Amsar ita ce yana shan ruwa, a cikin nono. Kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, tatacce, wanda bai bi ta rijiya ko randa ko jarkar mai ruwa ba. Idan zafi ya tsananta yaro zai riƙa neman nono a kai a kai yana sha kaɗan-kaɗan, wato yana ɗaukar tsinkakken nan na farko. Sai a ba shi. Wadda za a cika wa kofi ita ce uwar.

Ruwan cokali yana ɓarna ta hanya uku. Yana cika ɗan cikin da ba shi da fili, yaro ya rage shan abin da zai gina shi. Rage tsotsa yana rage nono. Sannan ruwan da cokalin da hannun da ya riƙe su hanya ce ta gudawa, wadda tana cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan yara a ƙasar nan. Wannan ne ya sa Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙaddamar da gangamin hana jarirai ruwa a 2019. Idan Hajiya ta ce, "Mu da muka ba ku ruwa ba ga ku nan kun girma ba?" kada a yi musu da ita. A tambaye ta a hankali yara nawa aka rasa a unguwa a wancan zamanin kafin a yaye su. Ta fi kowa sanin lissafin.

Mataki na shida: ita mai jegon

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ta ci abin da gida ke ci, a ƙara mata kwano ɗaya a kan na kullum: tuwo da miyar ganye, wake, zogale, ƙwai, kifi, nama idan ya samu, kunun gyaɗa, fura da nono. A ajiye mata ruwa kusa da inda take shayarwa. Ko macen da ba ta samun abinci mai yawa nononta yana da kyau, sai dai jikinta ne ke ramewa, don haka ita za a ciyar, ba a sayo wa jariri gwangwani ba.

Kunun kanwa dai a yi hattara. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kanwa da tsananin gashin jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki tana hawar da jini. A yi kunun ba ita, ruwan wanka kuma ya zama mai ɗumi wanda jiki zai ɗauka. Mai jegon da ta fara kumburin ƙafa, ko haki, ko ba ta iya kwanciya sai a zaune, asibiti za a kai ta a ranar.

Kai maigida, taimakonka a nan ba ya wuce abubuwan da ake rainawa: cefane, ɗebe mata yaran da suka tasa, rage mata girki da wanki, da hana 'yan barka zama har dare. Damuwa da gajiya suna hana nono zubowa ko da yana nan. Idan azumi ya zo tana shayar da ɗan ƙaramin jariri, shari'a ta yi mata rangwame. A tambayi malami yadda za ta rama.

Mataki na bakwai: idan an sami matsala

Mama ya kumbura ya yi tauri a kwana na uku ko na huɗu: a ƙara yawan shayarwa, a ɗan tatsa da hannu kafin a sa yaro don wurin ya yi laushi ya kamu, bayan ya sha a ɗora tsumma mai sanyi. Kan nono ya tsage: a gyara kamu, a shafa ɗigon nonon a wurin a bar shi ya bushe, a daina wanke shi da sabulu. Wani ɓangare ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi: a ci gaba da shayarwa da shi, nonon ba zai cutar da yaro ba, dainawa ce ke sa ya tara mugunya. Idan an kwana ɗaya babu sauƙi a je asibiti. Zazzaɓin cizon sauro ko mura ba sa hana shayarwa, sai dai a gaya wa mai ba da magani cewa ana shayarwa. Mai ɗauke da cutar HIV ta riƙe shan maganinta ba fashi, ta ba da nono zalla, ta bi tsarin da asibitinta ya ɗora ta a kai.

Jaririn da ya ƙi kama nono ba belu ne ya hana shi ba, kada a kira wanzami. Cire belu yana jawo zubar jini da shigar cuta, ciwon kuma ya ƙara hana shi tsotsa. Ƙin shan nono gaba ɗaya, zafin jiki ko sanyinsa, numfashi da sauri, jijjiga, idanu da tafin hannu su yi ɗorawa, maɗiga ta faɗa: kowanne daga cikinsu na asibiti ne nan take, ko da tsakar dare.

Mataki na takwas: komawa aiki ko makaranta

Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta ba mai haihuwa hutun mako 12, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa idan ta koma. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun fiye da haka, Jihar Kaduna kuma ta mayar da nata wata shida a 2019. Mai sana'ar hannu da ɗaliba ba su da wannan, sai dabara.

Ki fara koyon tatsa mako biyu kafin ki koma. Ki wanke hannu, ki tanadi kofi mai murfi da aka tafasa. Ki sa babban yatsa a saman baƙin, mai bi masa a ƙasa, ki danna ciki wajen ƙirji, sannan ki matse ki saki, kina zagayawa. Kada ki ja kan nonon. Ranar farko ɗan kaɗan za ki samu, hannu zai saba. Nonon da aka tatsa yana kai awa huɗu a wuri mai sanyi a ɗaki, a bazara kuwa kada a bari ya kai haka. A firji mai tsayayyar wuta yana kwana huɗu. Ba a tafasa shi, a tsoma kofin cikin ruwan ɗumi. A ba shi da ƙaramin kofi, yaron yana zaune a cinya, a kai bakin kofin leɓensa ya riƙa lasa da kansa, kada a ɗura. Fida wuyar wankewa gare ta, tana kuma sa wasu yara su ƙi mama. A wurin aiki ki tatsa duk bayan awa uku ko da zubarwa za ki yi, don kada nonon ya ja baya, ki kuma rama masa da dare.

Mataki na tara: bayan wata shida, har yaye

Ran da ya cika wata shida nono kaɗai ya daina isarsa. A fara da cokali biyu ko uku na kunu mai kauri wanda ba ya zuba daga cokali, sau biyu zuwa uku a rana, a riƙa ƙarawa. Tsinkakken koko ruwa ne kawai. A haɗa da gyaɗa ko waken suya, a kawo ƙwai, dakakken kifi, wake, kabewa, ganye, ɗan manja. Yanzu ne zai fara shan tafasasshen ruwa a kofi. Daga wata tara a kai sau uku zuwa huɗu. Nono yana nan, kuma idan ya yi rashin lafiya ya ƙi abinci, shi ne abin da zai karɓa.

Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai idan abu uku sun haɗu: yaro bai kai wata shida ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, a nemi shawarar tazarar haihuwa. Idan kuma kwanika ta riga ta faru, ba dole ne a cire yaro a nono rana ɗaya ba don tsoron ya "sha ciki". Nonon mai ciki ba guba ba ne. Abin da ke kwantar da yaran shi ne yayen farat ɗaya: a shafa wa mama maɗaci, a kai shi gidan kaka, ya rasa uwa da nono a yini guda, ya ƙi cin abinci, gudawa ta biyo baya. Mai cikin da ba ta da matsala za ta iya ci gaba tana ƙara cin abinci, sai idan likita ya hana saboda zubar jini ko barazanar naƙuda kafin lokaci.

Yaye idan lokacinsa ya yi, a bi shi sannu cikin makonni. A fara janye shan rana ɗaya a maye shi da abinci, bayan kwana uku ko huɗu a janye wani, na dare ya zama na ƙarshe. Kada a yaye yaro yana ciwo, ko yana tsakiyar fitar haƙori, ko ana tsananin zafi. Idan mama ya cika a kwanakin, ta tatsa kaɗan don ta sami sauƙi, ba har ya ƙare ba.